Tukwicin da Na Kai Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, Malam Ɗanladi, yaya ƙasar waje? Na gaji da maimaitawa. Rabinsu ma ba labarin suke so ba, kilishi suke nema, kuma ya ƙare. Shi ya sa na rubuta wannan sau ɗaya, zan buga na manna a bango. Mai tambaya ya karanta. Wanda bai iya ba ya nemi wanda ya iya.

Ga wanda bai san ni ba, shagon buga kati gare ni a Fagge. Katin biki, katin suna, kalanda, sitika. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, ba don na ƙoshi ba. Waɗanda suka riƙa leƙen takardata a aji yau suna wucewa ta gaban shagon, gilashin mota a rufe. A unguwa Ɗanladi Ƙorafi ake ce mini, a bayan idona da gaban idona. Ban damu ba. Abin da na gani nake faɗa.

Mu masu ƙananan shaguna daga Fagge har Sabon Gari, aikinmu duka a kan wata manhajar tsara shafi yake. Ba sayenta ake yi ba. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka ƙera ta, suka ce kowa ya ɗauka, wanda ya iya ya ƙara mata wani abu. Sunanta karya harshe yake, mu Kyauta muke ce mata. Iri biyu ce. Akwai babba ta sababbin kwamfutoci, akwai ƙarama ta irin namu na gwanjo, waɗanda sai an buga musu gefe suke tashi.

Shekara shida da suka wuce na fara rubuta littafin koyon Kyauta da Hausa, don na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya kullum. Abokina Ikechukwu, wanda muke kira Ike, shi ya ce a ɗora littafin a shafin masu manhajar. Haifaffen Sabon Gari ne, takardun coci da na jana'iza yake bugawa, kuma ya fi ni iya zagi da Hausa. Ni na rubuta, shi ya ɗora, don Turancina bai wuce na karanta allon hanya ba.

Wata safiya Ike ya shigo da waya a hannu, bai ko gaishe ni ba. Ya ce masu manhajar sun yanke za su daina kula da ƙaramar, wai ba mai amfani da ita. Abin da hakan ke nufi a fili yake. Manyan maɗaba'u da muke kai wa aiki za su koma sabuwa, fayil ɗinmu da nasu ya daina jituwa, sai dai mutum ya sayi sabuwar kwamfuta ko ya rufe shago. Ya ce za su yi taro a Yamai kafin a sa hannu, kuma sun gayyaci marubucin littafin Hausa da ɗan rakiyarsa, mota da masauki a kansu.

Na ce ba zan je ba. Da la'asar sai ga Alhaja Silifat, Bayarbiyar da ta fi kowa daɗewa a sana'ar nan a layinmu. Kwamfutocinta biyu sun girmi autarta. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Shekara nawa kana cika mana kunne a banza. Yau an samu inda bakin nan zai yi amfani, ka ce ƙafarka na ciwo?" Ban ce ƙafata na ciwo ba. Amma na shirya.

Muka buga littafin kwafi talatin, muka cika kwali, muka hau motar Katsina bayan sallar asuba. Direban ya ɗora kwalin a cinyata ya ce but ya cika da doya. Haka na je Katsina ban ga gwiwata ba. Daga Katsina zuwa Jibiya ba wanda ya yi hira. Wani dattijo a gaba yana ta addu'ar hanya, na ji har Ike yana cewa amin, kuma ya fi kowa ɗaga murya.

A kan iyaka aka tambayi katin allurar shawara. Ike ya zaro nasa a cikin leda, kamar takardar gado. Ni ban taɓa jin labarinsa ba, kuma kwana uku muna shiri bai faɗa mini ba. Ya ce ya ɗauka kowane baligi ya sani. Aka shigar da ni wani ɗaki, wata mata ta soka mini allura a damtsen dama ba tare da ta daina cin gyaɗa ba.

Sai kwali. Jami'in da ke tsallaken iyaka ya buɗe, ya ɗaga littafi ɗaya, ya ce, "Wanga nawa kake saida shi?" Na ce kyauta ne. Ya ce abin da littafin ke koyarwa fa? Na ce shi ma kyauta ne. Ya ce to wa ke biyana? Na ce ba kowa. Ya daɗe yana kallona, ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ga mutumin Kano da ya ɗauko kaya tun daga gida ba don riba ba. Suka tambayi Ike ko lafiyata ƙalau. Ike ya ce gwargwado. Jami'in ya roƙi kwafi ɗaya don ƙanensa yana buga kati a Maraɗi, ya sake mu, yana girgiza kai.

A Maraɗi muka kwana a ɗakin baƙi kusa da tasha. Hausa suke yi, amma sai ka karkata kunne. Su kuma dariya suke wa tamu, wai muna haɗiye rabin magana. Da safe mai shayi ya miƙo mini burodi dogo kamar taɓarya. Na ɗauka na jiya ne, na mayar masa. Ya ce yanzu ya fito daga wuta, haka Allah Ya yi shi. Na ci, dasashina ya gaya mini.

Motar Yamai babba ce, kowa da lambar kujerarsa, kuma abin mamaki kowa a lambarsa ya zauna. Ba wanda ya ce a matsa a ƙara mutum ɗaya. Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, duk na gan su ta taga da hannu ɗaya, don damtsena ya kumbura ya yi kamar gwanda. A Doso Ike ya sayi dambun zogale a leda. Na ce kada ya ci. Ya ce cikinsa cikin Sabon Gari ne, ba abin da bai gani ba.

Masaukinmu a Yamai ɗakin kwanan wata makaranta ne, gado biyu, fanka ɗaya mai juyawa idan ta ga dama. Garin kuwa da azahar rufewa yake. Na fita neman man zafi na tarar da shaguna a garƙame, aka ce sun tafi hutawa sai la'asar. A Kasuwar Sabon Gari ka rufe shago da rana tsaka, kafin ka dawo an fara yi wa iyalinka gaisuwa. Kilishinsu dai, zan faɗi gaskiya ko da za a kore ni daga Kano, ya fi namu. Na faɗa, ba zan sake faɗa ba.

Ranar taro na isa da kwalina, Ike yana can yana zarya tsakanin gado da bayan gida. Na ga wata mata siririya da tabarau tana jera kujeru. Na ce, baiwar Allah, ina ake ajiye kaya? Ba ta ji Hausa ba, amma ta karɓi kwalin ta kai ciki da kanta. Na ce a raina ma'aikatan nan suna da tarbiyya. Ƙarfe tara daidai ta tsaya a gaba ta buɗe taro. Wani Bamaraɗe mai furfura da aka haɗa ni da shi don fassara, Malam Isufu, ma'aikacin ɗakin karatu, ya raɗa mini cewa ita ce Madam Awa daga Senegal, ita ta rubuta ƙaramar Kyauta kusan gaba ɗaya, ita ce kuma mai kula da ita. Na nemi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Taron nasu ba irin namu ba ne. Ba babban baƙo, ba uban taro, ba mai gabatarwa da zai yi rabin awa yana kirari. Mutum wajen arba'in ne. Kowa an manna masa sunansa a ƙirji, tsirara, ba Alhaji ba Malam. Wani Bature mai gemu, sa'an babana, yara suna kiransa da sunansa yana amsawa. Wasu a ƙasa suka zauna da kwamfuta a cinya, ga kujeru.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ya zo kafin azahar. Wani ɗan Burkina ya miƙe, a gaban jama'a, ya ce wa Madam Awa aikinta yana mutuwa idan sunan fayil ya yi tsawo. Na jira ta ba shi amsar da ta dace da shi. Sai ta ce masa ta gode, ta rubuta. Wani ya miƙe ya faɗi nasa, shi ma ta gode masa. Na tambayi Malam Isufu ko akwai tsohuwar gaba a tsakaninsu. Ya ce a'a, haka ake yi, har shafi guda aka ware a intanet don kai irin wannan ƙara. Na ce Allah Ya kyauta.

Sai ta ce masu amfani da ƙaramar su ɗaga hannu. Ike yana bayan gida. Ni kuma damtsena ya ƙi, hannun ya tsaya a daidai kunnena, kamar mai sosa ƙeya. Kafin na tuna ina da na hagu har ta gama dubawa. Ta ce to, gobe za a yanke.

Lokacin cin abinci ta zo inda nake, da littafina a hannu, Malam Isufu a tsakani. Ta ce ta daɗe tana son ganin wanda ya rubuta shi. Cikin masu manhajar ba mai jin Hausa, amma ta lura ya fi nasu littafin koyarwa na asali da shafi ashirin da wani abu. Me na ƙara?

Na san abin da na ƙara. Babi na ƙarshe ne, sunansa Wuraren da Ba a Taɓawa. Duk inda Kyauta take daskarewa, ko ta cinye wa mutum aiki, ko ta juya rubutu, na rubuta shi a nan tare da yadda za a kewaye shi. Guda talatin da takwas ne. Na dubi matar nan da ta ɗauki kwalina, na ce wa Malam Isufu ya gaya mata Hausa ce haka, gaisuwa ta yi mata yawa. Ta yi dariya ta tafi. Malam Isufu bai yi dariya ba.

Bayan magariba na ba Ike labari, yana kwance yana shan ruwan gishiri da sukari. Ya tashi zaune.

"Kai ne fa ka gaya wa ango ranar ɗaurin aurensa cewa hularsa ta aro ce."

"Ta aro ce."

"Ka gaya wa liman agogonsa ya lalace, ka gaya wa kansila katinsa ya fi aikinsa kyau. Yau ka ga mace da tabarau bakinka ya mutu?"

Na ce waɗannan duk ba abin da suka taɓa ba ni. Ina ɗan shekara takwas maƙwabcinmu ya aiko da naman layya, na ce a gaban ɗan aiken ƙashi ya fi yawa. Dukan da Inna ta yi mini ranar har yau idan hadari ya taso ina jin sa. Tana duka tana cewa yaba kyauta tukwici. A duniyar nan an sayar mini da ruwa, an sayar mini da wutar da ba a kawo ba, an sayar mini da karatun da ban gama ba. Abu ɗaya tak aka taɓa ba ni ba a nemi komai ba, shi ne Kyauta. Shi zan tsaya a gaban mutane na tona wa asiri?

Ike ya ce to na koma na gaya wa Alhaja Silifat na je na yi ladabi.

Akwai dalili na biyu da ban gaya masa ba, zan faɗa a nan tunda ya wuce. Wannan babin shi ke kawo mutane bencina. Littafin yana hannunsu, amma Bakano ya fi son ya tambaya. Malam Ɗanladi ta daskare, Malam Ɗanladi ta cinye. Masu digiri sun tsuguna a gaban tebur ɗina saboda babin nan. Idan aka gyara, wa zai zo?

Washegari Ike ya samu sauƙi ya bi ni taron. Madam Awa ta haska allo. Ta ce daga arewacin Najeriya sau ƙalilan aka taɓa sauke ƙaramar, kuma ko ƙara ɗaya ba a taɓa kawowa daga can ba. Abin da ba a saukewa, ba a kuka da shi, to ba a amfani da shi. Ta ce ita malamar makaranta ce, ranakun hutunta take ba wannan aiki, ba za ta iya riƙe biyu ba.

Na ɗaga hannun hagu.

Na ciro filashin da ke maƙale da makullin shagona, na ce sau ɗaya Ike ya sauke, daga wannan filashin duk layinmu suka ɗauka, su ma suka ba wasu, har Kwaciri, har bakin tashar jirgi. Wa zai ƙona data a kan abin da maƙwabcinsa ke da shi? Baturen nan mai gemu ya ce ya yarda, amma da me za su tabbatar? Na dubi Ike. Ike ya dubi silin. Na buɗe babi na ƙarshe, na ce wa Malam Isufu ya gyara murya, ya kuma fara ba matar nan haƙuri a madadina.

Na karanta. Idan za ka jera hoton amarya da na ango, fara sa na hagu, in ka fara da na dama za ta daskare. Idan Bismillah da rubutun boko suka haɗu a layi ɗaya, za ta juya bokon, don haka raba su. Idan aka ɗauke wuta kana tsakar adanawa, aikin ya tafi har da na jiya, don haka adana da suna biyu. Idan kalanda ta wuce hoto goma sha biyu, na sha ukun zai fito baƙi ƙirin, ko da ɗan takara ne. Ina karantawa Malam Isufu yana juyawa da Faransanci, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar madannai. Ban ɗaga kai ba. 

A na goma sha tara ta tsayar da ni. Ta ce na maimaita. Na maimaita. Ta cire tabarau ta kifa kai a tebur. Na ce a raina shi ke nan, Inna ta yi gaskiya. Da ta ɗago sai ta ce shekara uku tana farautar wannan, ya taɓa yi mata sau ɗaya bai sake ba, har ta ɗauka mafarki ta yi. Ta tambayi tun yaushe na sani. Na ce shekara shida.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kyauta kika ba mu."

Malam Isufu ya fassara. Ta yi magana a hankali, shi kuma ya juyo mini da ita. Ta ce shekarun nan duka ta ɗauka girki take yi a gidan da ba kowa. Kwano yana fita, ba ya dawowa, ba a ce ya yi daɗi ba, ba a ce ya ƙone ba. Wanda ya ce gishiri ya yi yawa, shi ne ka tabbata ya ci.

Na ƙarasa karatuna. Talatin da bakwai na karanta. Na tsallake ɗaya, wanda ya fi kawo mutane shagona, na launin kore da ke fita ruwan toka. Mutum ba ya zubar da ruwan randarsa duka don ya ga hadari.

Aka ɗaga hannu, aka yanke ƙaramar za ta ci gaba, mutum biyu suka ce za su taya Madam Awa. Da sharaɗi ɗaya: a samu wani a Kano da zai riƙa gwada kowane sabon gyara a tsohuwar kwamfuta, ya kawo ƙara a kan lokaci, ba bayan shekara shida ba. Kowa ya juyo ya kalle ni. Na tambayi ko akwai albashi. Aka yi dariya, wai na iya barkwanci.

Dawowa ba labari. Kumburin hannu ya sace, Ike bai sake kallon zogale ba. A kan iyaka jami'in nan ya gane ni, ya ga kwali ba komai, ya ce nawa na samu. Na ce an ba ni aiki. Ya ce na nawa? Na ce na kyauta. Ya kira abokin aikinsa.

Yanzu gyare-gyaren sun fara isowa. Duk wanda ya iso sai na gwada, na goge shafi ɗaya daga babin da na yi shekara shida ina tarawa. Na koren da na ɓoye ma bai tsira ba. Na manta Malam Isufu yana karanta Hausa, kuma na bar masa kwafi da hannuna. Sati biyu da dawowata ya kai ƙarar, har ya rubuta cewa ni na gano, don kada a ci haƙƙina. Allah Ya saka masa.

Bencin ya fara yin sanyi. Wani mai digiri da yake zuwa duk sati ya wuce jiya, ya ɗaga mini hannu daga nesa. Matata ta ce shekara ashirin da biyu ina yi mata ƙorafi ba ta san tukwici nake ba ta ba, da ta adana.

Alhaja Silifat ba ta ce ta gode ba, ban kuma jira ba. Amma da safe idan na zo buɗe shago ina jin ta ta bango, tana buga wa tsohuwar kwamfutarta gefe, tana zaginta da Yarbanci, har ta tashi. Shekaranjiya ta leƙo ta ce Kyauta ta fara wani sabon iskanci, idan ta sa hoton mamaci a da'ira sai kansa ya yanke.

Na ce ta zauna ta faɗa mini a hankali, tun daga farko. Na ɗauko biro.